DOM PIERRE PÉRIGNON, MA'AJIN GIDAN ZUHUDU NA HAUTVILLERS

Tarihin da muka kawo muku a wannan fitowa na wani firist ne ɗan ƙasar Faransa, ɗan zuhudu na ƙungiyar Waliyyi Benedikt, wanda ya rasu fiye da shekara 300 da suka wuce. Ikilisiya ba ta sa shi cikin jerin waliyyai ba, kuma ba shi da ranar idi. Duk da haka sunansa ya zaga duniya, domin an manna shi a jikin kwalabar wani ruwan inabi mai kumfa, mai tsadar gaske, wanda attajirai ke sha a manyan bukukuwa. Labarin da ya ba shi wannan suna ƙagagge ne. Abin da ya yi da gaske bai kai wancan daɗin ji ba, amma ya fi shi amfani a gare mu.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa mu da mai yin ruwan inabi, mu da muka ga yadda shaye-shaye ya rushe gidaje, ya cinye rumbuna tun kafin damina ta kama? Tambayar tana kan hanya, kuma ba kiran kowa muke yi zuwa ga sha ba. Dalilinmu biyu ne. Na farko, ruwan inabi yana kan bagadenmu kowace rana, kuma ba a miƙa Hadaya Mai Tsarki sai da shi. Na biyu, mutumin nan manomi ne kuma mai riƙon dukiyar jama'a, ya yi shekara 47 a kan aiki ɗaya, a gida ɗaya, ya kuma bar shi da mutuncinsa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An yi wa Pierre Pérignon baptisma ranar 5 ga Janairu 1639 a garin Sainte-Menehould, cikin lardin Shamfen da ke arewa maso gabashin Faransa. Mahaifinsa magatakarda ne a wurin hukumar gari, danginsu kuma suna da gonakin inabi. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri. Ya taso cikin zamanin wahala, domin Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ci Turai daga 1618 zuwa 1648, ya ratsa yankinsu, bayansa kuma yaƙin basasa ya biyo. Garinsu kansa an kewaye shi da yaƙi a 1652, aka sake kewaye shi a 1653. Yaron da ya ga sojoji suna tattake gonaki ya san darajar hatsi tun da wuri.

Ya yi karatu a makarantar 'yan ƙungiyar Jesuit a garin Châlons. Tun bai cika shekara 20 ba ya shiga gidan zuhudu na Saint-Vanne a garin Verdun, inda ya ɗauki wa'adin zuhudu a 1658. Wannan gida shi ne cibiyar wani gyara da aka yi wa rayuwar 'yan Benedikt a wancan zamani, don a komar da su ga asalin ƙa'idarsu ta addu'a da karatu da aikin hannu. A can ya yi karatun falsafa da tauhidi, aka naɗa shi firist. Kalmar Dom da ke gaban sunansa laƙabin girmamawa ne da ake ba 'yan zuhudun wannan ƙungiya, daga kalmar Latin mai ma'anar maigida.

A 1668, yana ɗan shekara 29, shugabanninsa suka tura shi gidan zuhudu na Waliyyi Bitrus a ƙauyen Hautvillers, a kan tudu mai kallon kogin Marne, kudu da birnin Reims. Tsohon gida ne, wanda Waliyyi Nivard, Bishop na Reims, ya kafa wajen shekara ta 650. Ya taɓa zama wurin ziyarar ibada saboda an ajiye ƙasusuwan Waliyyiya Helena a cikinsa, amma yaƙe-yaƙe sun sha ƙona shi, aka kuma washe shi a lokacin rikicin addini na ƙarni na 16. Sa'ad da Dom Pérignon ya iso, gidan yana farfaɗowa ne da ƙyar, gine-gine suna neman gyara, gonaki kuma suna neman hannu.

Aikin ma'aji

Muƙamin da aka ba shi shi ne wanda mu za mu kira ma'aji. Babi na 31 na ƙa'idar Waliyyi Benedikt ya zayyana irin mutumin da ya cancanci wannan aiki. Ana so ya zama mai hikima, natsattse, marar haɗama, marar girman kai, mai tsoron Allah, wanda zai zama kamar uba ga dukan gida. An ɗora masa kula da marasa lafiya da yara da baƙi da matalauta. An umarce shi ya riƙe kayan aikin gida da irin girmamawar da ake yi wa tasoshin bagade, wato fartanya da tukunya su ma suna da alfarma. In ɗan'uwa ya roƙi abin da babu, to, a sallame shi da magana mai daɗi. Wannan ƙa'ida ce kuma, a babi na 40, ta ƙayyade ɗan mudun ruwan inabin da ɗan zuhudu zai sha a yini, ta yabi wanda ya iya ƙauracewa, ta kuma hana sha har a ƙoshi.

Saboda haka aikin Dom Pérignon ya wuce rumbun inabi nesa. Shi ne mai lissafin kuɗi, mai biyan ma'aikata, mai karɓar ushiri daga ƙauyukan da ke ƙarƙashin gidan, mai tsayawa gaban alƙali in rigimar iyaka ta taso, mai sayen abinci da sutura. Ya lura cewa babbar dukiyar gidan ita ce kurangar inabi da ke gangaren tudu, a kan ƙasa mai farin alli. Sai ya mai da hankalinsa can. A zamaninsa gonakin inabin gidan sun ninka, aka haƙa rumbun ajiya a cikin dutsen alli inda sanyi ba ya canzawa rani da damina, ruwan inabin Hautvillers kuma ya yi suna har ana sayensa da farashin da ya fi na maƙwabta.

Yadda yake aiki

Dom Pérignon bai bar mana littafi a kan sana'arsa ba. Abin da muka sani ya zo ne daga wani almajirinsa da ake kira Ɗan'uwa Pierre, da kuma wani ɗan littafi da aka buga a 1718, shekara uku bayan rasuwarsa, wanda ake dangantawa da Fada Jean Godinot na babban cocin Reims, inda aka tsara hanyar noman inabi da matsarsa kamar yadda gwanayen yankin suke yi.

Hanyar tana farawa daga gona. Ana datse rassan kuranga sosai, kada ta wuce kamar mita ɗaya, domin itacen da ya ɗauki 'ya'ya kaɗan ya fi ba su zaƙi da ƙamshi. Wannan yana nufin manomi ya yarda da ƙaramin girbi da gangan, abin da zuciyar ɗan Adam ba ta so. Ana tsinke 'ya'yan da sassafe, da sauran raɓa, kafin rana ta ɗumama su. Ana zuba su a hankali cikin kwanduna don kada su fashe a hanya, ana kuma ware ruɓaɓɓu da waɗanda suka ƙuje a zubar. Ba a tattake su da ƙafa kamar yadda aka saba a wasu wurare. Ana kai su wurin matsa da gaggawa, a matsa a hankali, a ware ruwan farko daban da na biyu da na uku. Launin baƙin inabi a ɓawonsa yake, ruwan cikinsa kuwa fari ne. In aka matsa da sauri da taushin hannu, ɓawo ba ya samun lokacin rina ruwan, sai a sami farin ruwan inabi mai haske daga baƙaƙen 'ya'ya. A wannan fanni ne gwanintarsa ta fi bayyana.

Almajirinsa ya ba da labarin wata al'ada tasa. Lokacin girbi akan kawo masa 'ya'yan inabi daga gonaki dabam-dabam, har da na ushiri, ba tare da an gaya masa daga inda kowanne ya fito ba. Yakan bar su su kwana a bakin taga, ya ɗanɗana su da safe kafin ya karya kumallo, sa'an nan ya faɗi waɗanda za a haɗa wuri guda kafin a matsa. Ta haka abin da wata gona ta rasa, wata ta cike shi. Ya ƙi sanin sunan gona don kada sunan ya rinjayi harshensa. Daga wannan al'ada ce, bisa ga dukan alamu, aka ƙago labarin cewa makaho ne.

Idan muka duba matakan nan duka, za mu ga cewa wahalar tana gona da lokacin girbi. In 'ya'yan sun zo lafiyayyu, ba a bukatar a zuba wani baƙon abu a ganga don a ɓoye aibi. Mai gyaran kaya da dabara a ƙarshe, yawanci ragon da ya ƙi wahala ne tun farko.

Labarin kumfa

Abin da duniya take faɗi a kansa shi ne wai shi ya ƙago ruwan inabi mai kumfa, wai ranar da ya fara ɗanɗana shi ya kira 'yan'uwansa su zo da sauri don yana shan taurari. Babu wata shaida daga zamaninsa da ta nuna haka. Maganar taurari ta ɓullo ne cikin tallace-tallace na ƙarshen ƙarni na 19. Da'awar ƙagowa kuwa ta samo tushe daga wata wasiƙa da Dom Grossard, ɗaya daga 'yan zuhudun ƙarshe na Hautvillers, ya rubuta a 1821, fiye da shekara 100 bayan mutuwar mutumin. Tun a 1662 ma, kafin Dom Pérignon ya taka Hautvillers, wani likita Baturen Ingila mai suna Christopher Merret ya riga ya bayyana a rubuce yadda ake zuba sukari cikin ruwan inabi don ya yi kumfa.

Ga Dom Pérignon kumfa matsala ce. Lardin Shamfen yana da sanyi ƙwarai. Bayan an matsa inabi a kaka, yisti yakan fara cin zaƙin yana mai da shi barasa, sai hunturu ya zo ya tsayar da aikin kafin ya ƙare. Da bazara ta kawo ɗumi, yistin ya farka, iska ta taru. In an riga an toshe ruwan a kwalaba, kwalabar takan fashe, ta fasa na kusa da ita, a yi asarar aikin shekara. Ƙoƙarinsa shi ne ya sami ruwan inabi natsattse, marar kumfa, mai tsabta. Cinikin mai kumfa ya bunƙasa ne bayan ransa. Gidan kasuwanci na farko da ya tsaya a kansa, iyalin Ruinart ne suka kafa shi a 1729. Wanda ya kafa shi, Nicolas Ruinart, ɗan ɗan'uwa ne ga Dom Thierry Ruinart, wani malami ɗan zuhudu da aka binne a Hautvillers a 1709. Sai a 1936 kamfanin Moët & Chandon ya fara sayar da kwalabar da ke ɗauke da sunan Dom Pérignon.

Rasuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe ba su zo da sauƙi ba. Faransa ta sha yunwa mai tsanani a 1693 da 1694, sa'an nan hunturun 1709 ya kashe itatuwa da kurangu da shukar alkama, talakawa masu yawa suka mutu. A irin waɗannan shekaru, ƙofar ma'aji ce mayunwata ke bugawa. Ya rasu a watan Satumba 1715, wata ɗaya da Sarkin Faransa Louis na 14, wanda kusan sa'ansa ne. Don mu gane nisan zamanin, wannan ya faru ne shekara 39 kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo.

'Yan'uwansa suka binne shi a cikin coci, a wurin da aka saba keɓe wa shugabannin gida, ko da yake shi bai taɓa zama shugaba ba. Dutsen kabarinsa yana nan har yau. Abin da aka rubuta a kai da Latin ya ambaci shekara 47 da ya yi yana ma'aji, ya yaba yadda ya riƙe dukiyar gida, ya kuma ambaci ƙaunarsa irin ta uba ga matalauta. Babu kalma ko ɗaya a kan ruwan inabi. Mutanen da suka ci abinci tare da shi kusan rabin ƙarni, abin da suka ga ya cancanci tunawa ke nan. Gidan zuhudun kansa an rufe shi lokacin juyin juya halin Faransa, amma cocin ya tsira, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sa tuddan Hautvillers cikin wuraren tarihi na duniya.

Masu bin sawunsa a yau

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gonakin inabin Turai sun cika da takin zamani da maganin ciyawa da na ƙwari, rumbuna kuma suka cika da hanyoyin gyara launi da ɗanɗano. A lardin Shamfen har sharar birnin Faris aka riƙa zubawa a gonaki a matsayin taki, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka hana, bayan gutsattsarin roba da gilashi sun cika ƙasa. Daga nan wasu iyalai masu ƙananan gonaki suka fara juyawa baya. Wani masani daga yankin Beaujolais, Jules Chauvet, wanda ya rayu daga 1907 zuwa 1989, kuma ya gāji sana'ar daga iyayensa, ya koya wa matasan manoma yin ruwan inabi da yistin da ke jikin 'ya'yan, da ɗan ƙanƙanin farar wuta ko ma babu. A Shamfen, gidan Fleury na ƙauyen Courteron, sana'ar iyali tun 1895, ya fara barin magungunan zamani a 1989. Tarayyar Turai ta kafa dokar ruwan inabin da aka noma ba da sinadarai ba a 2012. A 2020 kuma Faransa ta amince da wata alama ta musamman, wadda sharuɗɗanta su ne a tsinke 'ya'yan da hannu, a bar yistin asali ya yi aikinsa, kada a zuba kome sai farar wutar da ba ta wuce miligiram 30 a lita ba.

Ba za mu ce Dom Pérignon ne uban wannan tafiya ba, domin a zamaninsa babu takin zamani da zai ƙi. Amma tunaninsu ɗaya ne da nasa: a sha wahalar a gona, a taƙaita sa hannu a rumbu, a bar abin da Allah ya halitta ya nuna kansa. Ikilisiya kuwa ta daɗe da wannan sharaɗi a kan abin da ake ɗorawa a bagade. Doka ta 924 cikin Dokokin Ikilisiya ta wajabta cewa ruwan inabin Hadaya ya zama na asali, daga 'ya'yan kuranga, wanda bai lalace ba, kuma umarnin da ya fito daga Roma a 2004 ya ƙara jaddada cewa kada a gauraya shi da baƙon abu, kada kuma a yi amfani da wanda ake shakkar asalinsa.

Abin da ya shafe mu

A Zakirai da sauran ƙauyukan Gabasawa ba a noman inabi, ko da yake manoman Kudan da Hunkuyi a ƙasar Zazzau suna noman na ci. Amma darasin ba na inabi kaɗai ba ne. Kakanninmu a ƙasar Kano sun noma fili ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ƙasa ba ta mutu ba, domin suna kai taki a mangala da jakuna tun da rani, suna barin gawo a tsakiyar gona, suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, suna tara harawa don dabbobin da za su sake ba su taki. Wannan ilimi ne na gaske, kada mu raina shi don ba a buhu yake zuwa ba. Sharar birni da ake kawo mana yanzu cike take da leda, kamar yadda ta Faris ta ɓata gonakin Shamfen, ya kamata mu tsince ta kafin mu watsa.

Akwai kuma maganar algus. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne 'ya'yanmu ke ci. Wanda ya zuba guba a buhun wake don ƙwari kada su taɓa shi, ya kai kasuwa bai faɗa ba, da mai ƙara ruwa a nono, da mai zuba tsakuwa a hatsi, da mai buga gindin mudu, duk sun ci amanar wanda ba ya ganin abin da aka yi a ɓoye. Babi na 57 na ƙa'idar Waliyyi Benedikt ya gargaɗi masu sayar da kayan gidan zuhudu da labarin Hananiya da Safiratu, don su san cewa ha'incin ciniki zunubi ne a gaban Allah. Ana iya adana wake lafiya a buhu mai rufi uku ko a ganga mai toshiya wadda iska ba ta shiga, ba tare da guba ba. Yana bukatar ɗan kuɗi da kulawa, amma mai saye zai ci da kwanciyar rai.

A ƙarshe muna tunawa da ma'ajinmu na Ikilisiya, da na ƙungiyar Zumuntar Mata, da na matasa, da duk wanda aka danƙa wa kuɗin baiko ko mabuɗin rumbun coci. Aikinsu ba ya da tafi, sau da yawa ma sai zargi. Dom Pérignon ya yi irinsa shekara 47, kuma waɗanda suka san littafin lissafinsa ne suka yaba masa. Allah ya ba mu amintattun masu riƙon dukiya, ya sa albarka a gonakinmu da aikin hannuwanmu, ya kuma ba bawansa Pierre hutawa ta har abada. Amin.